Magatakardan Baƙin Allo

Ni dai ba ni da saurin yaba mutum, duk wanda ya san Sa'ada mai buga takardu a Gwarzo ya san haka. Bakina ya raba ni da mutane ba adadi. Amma akwai wani tsoho da har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, kuma abin kunyar shi ne wata goma sha ɗaya na yi ina yi masa dariya, a gabansa da bayan idonsa. Sunansa Malam Jibirin, mutumin Getso.

A lokacin ina aiki a shagon intanet na Alhaji Haidar, can kusa da tasha. Shekara huɗu ko biyar ke nan da ƙaddamar da shari'a a Kano, don haka labule ne ya raba shagon biyu, kwamfuta takwas a ɓangaren maza, huɗu a namu, kuma ana kiran salla ake jawo ƙofa. A kan rufi ga wani ƙaton faranti mai kamo intanet ya ɗaga baki sama. A ɗan ɗakin da ke baya kuwa aka ajiye babbar kwamfutar da injiniya ya ce sunanta saba. Mu dai uwa muke ce mata, don duk sauran a jikinta suke tsotso, kuma duk abin da na buga a cikinta yake kwana. Allonta ba irin namu ba ne. Ba hoto, ba kala, baƙi ƙirin sai farin rubutu na Turanci da lambobi.

Uwar nan ba ta san shiru ba. Tun safe da aka tayar da janareto har magariba da za a kashe, rubutu take amayarwa a kan allon, layi na ture layi. Wani ya kunna kwamfuta, sai ta faɗa. Wani ya kashe, sai ta faɗa. Gajimare ya gitta a gaban farantin, sai ta cika allo. Wallahi ko ni da ake cewa na cika surutu, na sara mata.

Injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa kayan shi ne mafarin komai. Ranar da zai tafi, yana ɗaura jaka a kafaɗa, ya ce wa Alhaji a samu wanda zai riƙa duba allon nan, in ta rubuta wani abu ya rubuta shi a takarda ya ajiye, sati biyu zai dawo ya duba. Ina jin shi a zatonsa layi biyu ko uku za ta riƙa yi a wuni. Alhaji ya tuna da wani tsohon abokin mahaifinsa mai kyan rubutu, ya aika Getso aka kira shi. A gabana suka yi magana. Alhaji bai ɓoye masa komai ba, ya ce, "Malam, aikin na ɗan lokaci ne. Muddin tana wannan surutun, kujerar taka ce. Ranar da aka gyara ta ta yi shiru kuwa, sai dai ka yi haƙuri." Malam Jibirin ya ce ya ji, ya kuma yarda.

Injiniya bai dawo ba. Muka ji an ce ya samu aiki a Fatakwal. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama shekara ba wata ɗaya.

Bari in faɗa muku wane ne Malam Jibirin, don ku san abin da kujerar nan take a wurinsa. Elemantare ya yi, aji huɗu, zamanin da aji huɗu yake aji huɗu. Shekara goma sha tara yana magatakardan wani dagaci a yankinsu. Duk wanda ya shigo zauren dagaci da magana, gaisuwa ce, ƙara ce, rikicin iyakar gona ne, ta hannunsa take bi ta shiga littafi. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka hau rage ma'aikata, sunansa ya fito a takarda, layi ɗaya tak. Ya koma gona. Gonakin biyu ne, ɗaya ta tafi a shekarun da buhun taki ya fi ƙarfin talaka. Ɗayar kuma gero da wake take ba shi, iya na tuwo. Matarsa Gwaggo Dela ciwon suga ya kama ta, magani kowane wata, ba fashi. Shekara kusan ashirin bai sake riƙe biro don aiki ba sai a shagonmu. Abin da Alhaji yake ba shi ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ne maganin Gwaggo, kowa ya sani.

Kullum a kan kekensa yake zuwa, kafin mu buɗe yana bakin ƙofa, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Ya gaishe da kowa, gaisuwar nan ta mutanen da, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya ruwa, har sai ka ƙosa. Sannan ya shiga ɗakin baya, ya sa tabarau mai ɗaure da zare, ya buɗe littafi irin na 'yan makaranta mai layi-layi, ya fuskanci allo.

Turancinsa bai wuce na sa hannu da karanta adireshi ba. Bai san me uwar take cewa ba, ko kalma ɗaya. Harafi-harafi yake kwafa, da lambobi da ɗigo da wasu alamomi da ni ma ban san sunansu ba. Satin farko sai da yatsunsa suka kumbura, don ba hannun da zai iya tsere da na'ura. Sai ya fito da dabarar zauren dagaci. Layin da ya zo sabo, ya rubuta shi cikakke sau ɗaya. In ya sake dawowa, sai ya ja masa ɗan zane a gabansa, biyar-biyar. Agogo kuwa bai dame shi ba. Shafinsa a kashe yake gida-gida: hantsi, kafin azahar, bayan azahar, la'asar, sakaliya. A saman shafi ya sa ranar Musulunci da ta boko.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne sunayen da ya raɗa musu. Ta siffarsu yake gane su, kamar yadda kake gane mutum daga nesa ta tafiyarsa. Akwai 'yan gaisuwa, waɗanda ke fitowa duk lokacin da wani ya zauna a kan kwamfuta. Akwai maroƙi, wanda zai maimaita magana ɗaya sau ɗari ba gajiya. Akwai magulmaciya, wadda ba ta zuwa sai injin buga takarda ya shaƙe, ta kawo rahoton abin da ba a tambaye ta ba. Akwai mai ƙorafi, ya yi ta mita in hadari ya taso, in gari ya washe ya yi gum. Sai ka ji Malam shi kaɗai a ɗaki yana cewa, "To, mun ji, Allah ya ba da haƙuri, matsa wani ya shigo."

Ni kuwa in na kawo masa ruwa sai na tsokane shi. "Baba, yau me uwarɗakin taka ta ce? Ta gaishe ni?" Ya ce, "Sakatariya, ta ce ki rage surutu, nata ya ishe mu." Samari masu zuwa duba sakamakon jarrabawa har leƙa shi suke yi suna ƙyalƙyala dariya. Na taɓa cewa a gaban mutane, da ƙarfi, wai tsohon nan da a ce kukan kaji aka ce ya rubuta, da ya rubuta. Ya ji ni sarai. Bai ɗago ba. Astagfirullah, har yau ina jin nauyin wannan maganar.

Ana nan sai babban aiki ya faɗo wa Alhaji. Wasu makarantun sakandare na Gwarzo da Kabo suka kawo rajistar jarrabawar ɗalibansu, don a shekarar an ce ta intanet za a tura. Sati uku ina bugawa, suna, ranar haihuwa, darussa, da hoton kowane ɗalibi, yara sama da ɗari huɗu, duk na zuba a cikin uwar. Saura a saita ta yadda za a tura, kuma ba wanda ya iya a cikinmu. Alhaji ya yi ta cigiya har aka haɗa shi da Badi'a, 'yar Kabo, sa'ata ce, ta karanta kwamfuta a jami'a tana aiki a Kano. Ranar wata Talata da hantsi ta sauka daga mota da hijabinta ruwan toka da jakar kayan aiki.

Ta gaishe da Malam har ƙasa, ya tashi ya ba ta kujera. Ta ja madannai ta fara buga umarni. Ba ta kai rabin layi ba 'yan gaisuwa suka faɗo tsakiyar rubutunta suka raba shi biyu. Ta goge ta sake. Maroƙi ya zo ya ture komai sama. Sau huɗu tana farawa. A na biyar ta buga tebur ta ce, "Haba! Wane ne ya bar wannan a haka? Ta yaya mutum zai yi aiki ana yi masa ihu a ka?"

Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce lalacewa ta yi ne? Badi'a ta ce ba lalacewa ba ce, sakaci ne. Wanda ya haɗa ta ya bar ƙofa a buɗe, duk wani abin da ya motsa a cikin shagon sai an kawo rahotonsa kan allon. Ta ce, "Minti ɗaya ya ishe ni in toshe bakinta gaba ɗaya, Alhaji. Ba za ka sake ganin ko layi ɗaya ba."

Ita ba ta san me ta faɗa ba. Ni na kalli Malam, Alhaji ya kalli ƙasa, Malam kuwa yana rufe bironsa a hankali.

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Na ce ta zo ta ga wani abu a ɓangaren mata. Muna shiga bayan labule na zayyana mata komai, kujerar, alkawarin Alhaji, maganin Gwaggo Dela. Ni da na fi kowa yi masa dariya, ni ce nake roƙonta kamar ubana ne. Na ce, "Don girman Allah, 'yar'uwa, ki yi aikinki ki bar masa surutunsa. Me zai rage ki da shi?" Ta waiwaya wajen ɗakin baya. Can ta ce abu ne mai sauƙi. Za ta rufe bakin uwar na awa biyu ta gama aikinta, sannan ta mayar da ita yadda ta same ta, ta ce wa Alhaji da ta duba da kyau ta ga allon yana bukatar mai tsaro. Ta ce amma ba za ta yi ƙaryar ita kaɗai ba, sai Baba ya sa baki, don shi ya san allon.

Muka koma. Badi'a ta gyara murya, ta ce, "Alhaji, na yi gaggawar magana ɗazu. Bari mu tambayi wanda ya shekara a gabanta." Ta juya ga Malam, ta yi masa tambayar da yaro ma zai gane inda aka nufa. "Baba, ai duk abin da take faɗan nan yana da muhimmanci, ko ba haka ba? Bai kamata a bar ta ba mai kula ba."

Ina bayan Alhaji ina gyaɗa wa Malam kai, har wuyana ya yi ciwo. Ya gan ni. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "A'a, 'yata. Mafi yawansa surutu ne kawai."

Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Kai, wannan tsoho!

Ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Littattafai goma sha huɗu, kowanne da lamba a bangonsa. Ya jera su, ya ce, "Ni ban san abin da suke faɗa ba, ke kika sani. Amma na san zuwansu. Iri biyar ne. Huɗu daga ciki, in kin hana su shigowa ba abin da zai faru, don wata goma sha ɗaya suna magana ban ga abin da ya biyo bayan maganarsu ba. Sai dai ki ba su wani zaure su riƙa zama, a rubuta sun zo. Amma kin ce za ki toshe bakinta gaba ɗaya. Wannan ne ban yarda ba. Akwai ta biyar."

Ni dai ban taɓa jin ta biyar ba. Bai taɓa yin wasa da ita ba, shi ya sa. Baƙuwa yake ce mata.

Ya buɗe littafi na uku, inda ya naɗe kusurwar shafi. Layi ɗaya ne dogo, ya zagaye shi da jan biro. Ya ce ta fara zuwa ne kwana shida bayan ƙaramar salla, bayan azahar, sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Ya buɗe na shida, ga ta, bayan wata biyu da rabi. Na takwas, bayan wata ɗaya. Daga nan sati uku, sati biyu, kwana tara. Ya buɗe na ƙarshe ya ce, "Wannan satin sau uku. Na gaya wa Alhaji tun zuwanta na huɗu, ya ce mu jira injiniya." Alhaji ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya ne, an yi haka.

Badi'a ta ce me ya sa ya ware ta, tunda bai san ma'anarta ba? Sai ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce shekararsa ta huɗu a zauren dagaci, wata ranar Juma'a zaure ya cika da masu gaisuwa da maroƙa, sai wata tsohuwa ta zo ta tsugunna a gefen ƙofa. Da ya waiwaya ta ce, a hankali, bakin rijiyar unguwarsu ya tsage. Sau ɗaya ta faɗa. Ya ce mata to, ya juya yana rubuta sunayen manyan baƙi, da ya sake waiwayowa ta tafi, bai sa maganarta a littafi ba. Kwana goma sha biyu rijiyar ta rufta da wani magidanci yana jan ruwa. Ya ce, "Tun ranar na gane mai matsala ta gaske ba ya cika baki. Yakan faɗa sau ɗaya ya koma gefe. Da na ga wannan ba ta da naci, kuma tazarar zuwanta tana raguwa, sai hankalina ya ƙi kwanciya."

Badi'a ta karɓi littafin tana bin layin da yatsa. Ina kallon fuskarta ta sauya. Ta ce, "Innalillahi. Sa'ada, aikin da kika buga, akwai shi a wani wuri ban da nan?" Na ce babu. Ta ce faifan da ke cikin uwar, wanda komai yake ajiye a kansa, shi ne yake mutuwa, wannan layin kukansa ne. Ta shiga cikin na'urar ta duba rahoton da ke ciki, ta tarar na sati huɗu kawai uwar take ajiyewa, in ya wuce sai ta goge. Ba don littattafan nan ba, ba wanda zai san tun yaushe ciwon ya fara, balle ya san saurin da yake yi. Ta ce da ta toshe bakin gaba ɗaya kamar yadda ta yi niyya, da sai dai mu wayi gari wata rana mu tarar ba komai.

Ranar ba a yi ciniki ba. Alhaji ya sallami kowa, ya hau mota da kansa zuwa Kano neman sabon faifai. Badi'a ta hau kwashe kayan zuwa kwamfutata, ni ina tsaye a kanta ina karanto duk addu'ar da na iya. Muna cikin kwashewa Baƙuwa ta zo sau biyu, Malam yana nuna ta da biro kafin Badi'a ta gan ta. Hotunan yara uku sun riga sun lalace, sai da aka sake ɗaukarsu daga baya. Sauran duk suka fita lafiya.

Washegari da aka sa sabon faifai, Badi'a ta ɗauko takarda ta ce Baba ya jera mata mutanen nan biyar, daga wanda ya fi cancanta a saurara zuwa na ƙarshe. Ya jera. Sai ta ce mana ashe kowane saƙo da uwar take fitarwa yana da lambar matsayi da waɗanda suka ƙera ta suka ba shi, daga na gaggawa har zuwa na jin daɗin baki. Ta duba lambobin ta rubuta a gefen jerinsa. Ikon Allah! Baƙuwa a sama, 'yan gaisuwa a can ƙasa, maroƙi a kusa da su, daidai yadda ya jera. Wuri ɗaya kawai suka saɓa, shi ya ɗora magulmaciya a kan mai ƙorafi, na'urar ta yi akasin haka. Ya ce to a nan Turawan ne suka yi kuskure, don magulmaciya ko ba komai gaskiya take kawowa. Badi'a ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tsaya tana kallonsa. Ta ce shekara huɗu ta yi a jami'a kafin ta san wannan tsarin, ga wanda ya fito da shi da biro da littafin 'yan firamare, ba tare da ya fahimci kalma ɗaya ba. Ni kuwa ban iya cewa komai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ta yi yadda ya ce. Ta buɗe wa huɗun nan wurin ajiya a cikin na'urar, su riƙa zuwa ana rubuta su can ba wanda ya gan su. Allon kuma ta bar shi ga masu matsayin Baƙuwa da abin da ya fi ta. Ta danna madanni na ƙarshe. Rubutu ya tsaya. Baƙin allo, sai ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa a kusurwa. Aka kunna kwamfutoci goma sha biyu, ba ta ce uffan ba.

Malam ya zauna a gabanta daga azahar har la'asar, littafi a buɗe, biro a hannu. Shafin ya tashi fari fat.

Bayan la'asar Alhaji ya shigo yana murza hularsa a hannu. Ba mugu ba ne, kar in zalunce shi, man janareto ya yi tsada a shekarar har yana tunanin rage kwamfutoci. Amma ni a ranar da ina da iko da na shaƙe shi. Ya ce, "Malam, ka ƙarasa watan nan mana, ko da zama ne." Malam ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri, amma zama ba aiki ba ne. Sai ya kira ni. Ya yage shafi ya ajiye a gabana, ya ce in kwafi layin Baƙuwa sau goma. Na ce, "Baba, ni ɗalibar firamare ce?" Ya ce, "Rubuta." Na rubuta. Ya rufe takardar da hannu ya sa na faɗi yadda farkonta yake da yadda ƙarshenta yake. Ya ce safe da yamma in leƙa ɗakin nan, in na gan ta ko wata mai kama da ita, kar in jira kowa, in kira Badi'a a waya. Ya yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar wanda ya saɓa wa, shi da aka saɓa wa.

Na bi shi har wurin kekensa. Raina a ɓace yake. Na ce, "Baba, kalma ɗaya fa! E kawai za ka ce. Baƙuwar ma da ka nuna ta daga baya, ba wanda zai hana ka. Wa zai ƙaryata ka? Maganin Gwaggo fa?"

Yana sunkuye yana ɗaure ƙafar wando, bai yi sauri ba. Da ya miƙe ya ce, "Sakatariya, da ina zaton surutu ne, amma ban tabbata ba, kuma an ba ni amana in rubuta har mai sani ya zo. Shi ya sa abin da nake karɓa ya halatta. Jiya mai sani ta zo ta tambaye ni. In na ce e, gobe zan zo in zauna ina rubuta abin da na san banza ne, in karɓi kuɗi in saya wa Dela magani da shi. Ba zan iya ba ta wannan ta haɗiya ba." Ya hau kekensa, ya ce in gaishe da mutanen gida.

Na tsaya a bakin titi ina kuka, 'yan tasha suna kallona, ni Sa'ada da ba a taɓa ganin hawayena ba.

Bai sake samun aikin albashi ba. Na ji an ce 'ya'yansa mata da ke aure su suka riƙa haɗa maganin, wani watan a samu, wani watan a sha rabi. Shekara huɗu bayan nan ya rasu, da damina, yana dawowa daga gona. Na je Getso ta'aziyya. Gwaggo Dela tana zaune a kan tabarma, idonta ya riga ya tafi, ta riƙe hannuna da na ce daga shagon Alhaji Haidar nake. Na tambaye ta ko ya taɓa ba ta labarin yadda ya bar wurinmu. Ta ce, "Ai bai ce komai ba, 'yar nan. Ya dawo ranar ya jingine keke, ya ce aikin ya ƙare lafiya. Akwai wani abu ne?"

Na ce mata babu, Gwaggo, haka aka yi.